Kwashe Kayan Makewayi Yayin Ƙaura: Ɗan Nazari Daga Machina

A wannan ɗan nazari zan dubi kusurwar da ake bari sai ƙarshe idan za a tashi daga gida, wato makewayi. Ko sunansa ma Bahaushe sakaya shi yake yi saboda kunya: makewayi daga "kewaya" ne, banɗaki kuwa "bayan ɗaki" aka gutsure. Ramin kansa shi ne masai ko salga ko shadda.

A Machina, kamar yadda na lura, kayan ba su da yawa: buta da bokiti da soso da sabulu da dutsen goge kaushi, sai tsintsiya. Ko a nan akwai darasin aron kalmomi, domin sabulu daga Larabci ya zo, bokiti kuwa daga Ingilishi. Akan wanke su, a shanya, a zuba a buhu daban. Ba a cusa butar bayi cikin kwanukan abinci, komai cikar amalanke. Tsintsiyar kam, ni ban ga amfanin ɗaukarta ba.

Abin da ya fi damuna shi ne ramin, tunda ba ya ɗaukuwa. Wasu sukan tafi su bar bakinsa a buɗe, ƙuda ya shiga ya fito ya sauka a tuwon maƙwabta, ruwan damina ya cika shi ya malalo. A 2024 kwalara ta ɓulla a Machina da Nguru, kuma ta ruwa da abincin da bayan gida ya gurɓata take yaɗuwa. Saboda haka mai ƙaura ya zuba toka, ya ɗora murfi mai nauyi. In ramin ya cika kuwa, ya binne shi da ƙasa ya daddaɓe, kada yaro ya rufta.