Rana Ita Ce Kalandar Manomi

Manoman Gwandu da Kalgo, kun san watan sama ba ya gaya wa mutum lokacin shuka. Dalili kuwa shekarar wata kwana 354 ce, ta rana kwana 365, watau kowace shekara akwai ratar kwana 11. Damina kuwa rana ta ke bi. Shi ya sa malamanmu ke lissafi da taurari 28, kowanne kwana 13, ɗaya 14.

Mutanen dā ma sun gane haka. A Nabta, cikin hamadar kudancin Masar, makiyaya sun jera duwatsu a da'ira tun shekara wajen 7,000 da suka wuce. Masana na ganin sun saita su da inda rana ke fitowa a watan Yuni, lokacin da ruwa ke sauka can a zamanin. A Ingila kuma akwai Stonehenge, wanda aka kafa manyan duwatsunsa shekara kamar 4,500 baya, shi ma yana duban mafitar rana ta Yuni.

To, kai ma kana iyawa, ba ko kwabo. Ka kafa turke a fili, ka riƙa tsayawa nan da hudowar rana, ka aza dutse daidai inda ta ɓullo. Za ka ga tana gusawa arewa har wajen 21 ga Yuni, ta yi 'yan kwanaki kamar ta tsaya, sa'an nan ta juyo kudu har wajen 21 ga Disamba.

Har wa yau, ka kafa sanda tsaye cir, ka duba da tsakar rana. A ƙasarmu inuwarta na ɓacewa sau biyu a shekara: wajen 23 ga Afrilu da wajen 20 ga Agusta. Ɓacewar farko na ce maka ka gama sharar gona, ka kai taki. Ta biyu kuwa cikin marka ta ke zuwa.

Amma fa dutse ba ya kawo ruwa. In an yi yayyafi tun inuwa ba ta ɓace ba, kada ka yi garaje ka zuba irinka, zafin bazara ya ƙone shi. Jira sai damshi ya nutsa ƙasa sosai. In kuwa rana ta kai dutsen arewa gero na cikin rumbu, ka fara makara.

Allah shi ba mu damina mai albarka, amin.