Faɗuwar Gaba: Tsoro a Bakin Bahaushe da Cikin Ƙwaƙwalwa

Gabatarwa

Ilimin halayyar ɗan Adam fanni ne da ke nazarin tunanin mutum da motsin ransa da ayyukansa. Ya tsaya da ƙafafunsa ne a 1879, lokacin da Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwaji a birnin Leipzig na Jamus. A wannan 'yar maƙala zan ɗauki tsoro kaɗai, in kwatanta yadda Bahaushe ke faɗarsa da yadda masana suka bayyana shi.

Inda Bahaushe Ya Ajiye Tsoro

Da nake koyon Hausa, na lura Bahaushe bai cika ambaton kai ba idan ya tsorata. Cewa yake yi gabana ya faɗi, hantar cikina ta kaɗa, cikina ya ɗuri ruwa, tsigar jikina ta tashi. Duk a jiki ya ajiye abin.

Ra'ayoyin Masana

A 1884 William James na Amurka ya kawo ra'in cewa jiki ne ke fara motsawa, sannan mutum ya ji tsoro. Wato idan ka haɗu da kura, rawar jikinka ce ke sanar da kai ka tsorata. Carl Lange na Denmark ya zo da irin wannan a 1885. Amma a 1927 Walter Cannon ya musanta. Hujjarsa ita ce bugun zuciya kusan iri ɗaya ne ga mai tsoro da mai fushi, don haka ƙwaƙwalwa ce ke tayar da jin tsoro da motsin jiki a lokaci guda.

A yau an san cewa can cikin ƙwaƙwalwa akwai wasu 'yan curi biyu, dama da hagu, da ake kira amigdala. Da zarar sun hango haɗari, sai saƙo ya isa ga halittar da ke saman ƙoda, ta saki sinadarin adiranalin. Zuciya ta ƙara bugu, jini ya ragu a ciki ya koma ga damatsa da cinyoyi don gudu ko faɗa. Ashe kaɗawar hanta ba adon magana kawai ba ce.

Darasi Daga Mubi

A ƙarshen Oktoban 2014 'yan Boko Haram suka kame Mubi, jama'a suka watse, wasu ta daji zuwa Kamaru, karatu ya tsaya a Jami'ar Jihar Adamawa. An ƙwato garin a Nuwamba, sai dai ƙwaƙwalwa ba ta saurin sakin irin wannan. Wanda ya sha wuya a lokacin yana iya zabura idan tayar mota ta fashe, ko ya riƙa munanan mafarkai bayan shekaru. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Wannan ba ragwanci ba ne, amigdala ce ta koyi darasin da ya wuce kima, kuma likitocin ƙwaƙwalwa na da hanyoyin magance shi.

Kammalawa

Shawarata ga 'yan uwana ɗalibai, mu yi amfani da hanyar bincike ta hira. Mu tambayi masu jin Hausa da Fulatanci da Gude tambaya iri ɗaya: a wace gaɓa harshenku ke ajiye tsoro? Mu nemi yardarsu tukuna, mu sakaya sunayensu, kada kuma mu matsa wa kowa ya tuno abin da ba ya so.