Yaushe Yaro Ya Isa a Bar Shi Shi Kaɗai?

Babu uwar da ba ta fita, babu uban da ba ya fita. Akwai kasuwa, akwai gona, akwai asibiti, ga biki, ga gaisuwar mutuwa. Ko wannan aji namu na yaƙi da jahilci, sai an baro gida ake zuwa. Duk sa'ad da fita ta kama, tambayar ɗaya ce: yaran nan wa za a bar wa su?

A gidan gandu amsar ba ta da wuya. Kaka tana ɗaki, matar wa tana tsakar gida, tsoho yana zaure. Amma yanzu mutane da yawa suna zaune a gidan haya ko a sabuwar unguwa, daga miji da mata sai 'ya'yansu. Sai a dubi yaro a ce, "Ai ya yi wayo," a ja ƙofa a tafi. A wannan darasi za mu koyi yadda ake auna wayon nan, don kada mu ɗora wa yaro nauyin da ya fi ƙarfinsa.

Abin da shekaru ke nunawa

Dokar Kare Haƙƙin Yara ta Nijeriya, wadda aka kafa a 2003, ta ce duk wanda bai kai shekara 18 ba yaro ne, kuma kula da lafiyarsa yana wuyan iyayensa ko mai riƙonsa. Waɗansu ƙasashe sun yanke shekarun barin yaro. A jihar Maryland ta Amurka laifi ne a bar yaron da bai kai shekara 8 ba shi kaɗai a gida ko a mota. A Ingila doka ba ta yanke shekara ba, amma ƙungiyar kare yara ta NSPCC tana ba da shawara uku: kada a bar jariri ko ƙaramin yaro shi kaɗai ko na ɗan lokaci, kada a bar wanda bai kai 12 ba na dogon lokaci, kada kuma wanda bai kai 16 ba ya kwana shi kaɗai a gida.

Mu ma muna da namu ma'auni. A Musulunci ana fara umartar yaro da salla yana ɗan shekara bakwai, a raba wa yara makwanci suna da goma. Wannan ya nuna mana cewa hankali hawa-hawa yake zuwa. Ga yadda mai iyali zai iya raba matakan:

- Daga haihuwa zuwa shekara 6: ba a barin yaro shi kaɗai ko kaɗan. Dole idon babba ya kasance a kansa.
- Daga 7 zuwa 9: zai iya zama na ɗan lokaci da rana, idan akwai babba kusa wanda zai ji kira. Ba a bar masa wuta, ba a bar masa jariri.
- Daga 10 zuwa 12: zai iya tsaron gida awa ɗaya ko biyu da rana, idan an gwada shi an ga natsuwarsa.
- Daga 13 zuwa 15: zai iya yini da ƙannensa, amma kwana sai da babba.

Shekaru kaɗai ba su isa ba

Kowa ya san 'ya'yan ɗaki ɗaya ma halinsu ba ɗaya ba ne. Wani ɗan shekara goma ya fi ɗan sha uku natsuwa. Wani kuma yana da farfaɗiya, ko sikila, ko asma, wadda za ta iya tashi ba shiri. Irin wannan ba a barinsa ba babba, ko da ya girma.

Saboda haka a gwada yaro kafin a bar shi. A zaunar da shi cikin raha, ba da tsawa ba, a tambaye shi:

"In wuta ta kama a kicin, me za ka yi?"

"In wani ya buga ƙofa ya ce Baba ne ya aiko shi ya ɗauki talabijin, me za ka ce?"

"In ƙanwarka ta faɗi ta fasa goshi, wa za ka kira?"

Yaron da ya ce, "Zan fitar da ƙannena waje in yi ihu," ya fahimta. Wanda ya ce, "Zan ɗebo ruwa in kashe," ko ya ce, "Zan shiga ɗaki in ɓuya," da sauransa. Yara da yawa in sun tsorata ƙarƙashin gado suke shiga, a nan kuma hayaƙi ke cim musu.

Akwai tambaya ta ƙarshe wadda iyaye ke mantawa: "Kana jin tsoro in na bar ka?" In ya ce e, ko ya yi shiru ya sunkuyar da kai, to a gaskata shi. Kada a ce masa rago. Mai tsoro ba ya iya tunani in abu ya faru.

Mai raino ma yarinya ce

A ƙasar Hausa yarinya takan fara goyon ƙaninta tun tana ƙarama, kuma wannan tarbiyya ce mai kyau. Amma raino a gaban uwa daban, raino bayan uwa ta fita daban. Yarinya 'yar shekara bakwai za ta iya yi wa jariri wasa, ta kore masa ƙuda. Ba za ta iya ceto shi in ya ƙware da gyaɗa ba. Kuma da ta ji ƙawayenta suna 'yar gala-gala a ƙofar gida, hankalinta ya tafi can. Ba laifinta ba ne, ƙuruciya ce.

Asusun kula da yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, wato UNICEF, yana da ma'aunin da yake amfani da shi a binciken gidaje. Idan aka bar yaron da bai kai shekara 5 ba shi kaɗai, ko a hannun wanda bai kai shekara 10 ba, fiye da awa ɗaya, to ana lissafa shi cikin yaran da ba su sami isasshiyar kulawa ba. Mu riƙe wannan: wanda bai kai goma ba, ba a bar masa raino. Kuma iya tsare kai ba shi ne iya tsare wani ba.

A gyara gida kafin a fita

Rigakafi ya fi magani. Abubuwa huɗu ne suka fi cutar da yara a gida.

Na farko ruwa. Ku dubi yaro ɗan wata goma sha huɗu da ya fara tafiya. Ya ga bokitin wanki da ruwa rabi a tsakar gida. Ya dafa baki, ya leƙa, ya miƙa hannu zai taɓa kumfa. Nauyin kansa ya rinjaye shi, sai ya kifa ciki, ƙafafu a sama. Ba zai iya ɗagowa ba, ba zai iya kuka ba. Uwa tana shanya kaya a ƙofa, ba ta ji komai ba. Mintoci kaɗan sun isa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum wajen 300,000 ne ruwa ya ci a duniya a 2021, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Don haka a zubar da ruwan bokiti da baho a kife su. A rufe randa da duro. A yi wa rijiya murfi mai nauyi da kwaɗo. Da damina a gargaɗi yara kan kududdufi da ramin da aka haƙi ƙasar gini.

Na biyu wuta. A kashe murhu da kurfoti, a rufe kan silindar gas, a ɗauke ashana. Kada a bar kyandir ko maganin sauro na kunnawa kusa da katifa ko labule. Da hunturu kada a bar kaskon gawayi a ɗaki rufe, kuma janareto a waje yake zama, nesa da taga. Hayaƙinsu yana ɗauke da iska mai guba wadda ba ta da wari, tana sa barci, daga nan sai mutuwa. Idan yaro ya ƙone, a yi ta zuba ruwa mai tsabta mai sanyi a wurin har minti 20, sannan a kai shi asibiti. Ba a shafa man goge baki, ko ƙwai, ko manja.

Na uku guba. Kananzir a kwalbar lemo ya yaudari yara da yawa, domin yaro kwalbar ya sani. Haka fiya-fiya, da shinkafar ɓera, da maganin feshin gona, da ƙwayoyin Kaka masu kama da alewa. A ajiye su a sama cikin abin da ke kulluwa. Idan yaro ya sha kananzir, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara, domin yana iya sarƙewa ya shiga huhu. A garzaya da shi asibiti tare da kwalbar abin da ya sha.

Na huɗu kulle. Waɗansu iyaye sukan sa kwaɗo ta waje su tafi da makulli, a ganinsu sun tsare yara. In gobara ta tashi, wannan kwaɗon ne zai hana yara fita, ya hana maƙwabta shiga. Yaron da ba a yarda a bar masa sakata ta ciki ba, bai isa a bar shi ba ke nan. Haka kuma a kulle tsohuwar motar da aka ajiye a ƙofar gida. Yara sukan shiga wasa, ƙofa ta rufe, zafi ya kashe su, domin jikin yaro ya fi na babba saurin ɗaukar zafi.

Bayan ƙofar gida

Aike makaranta ce, da shi yaro ke sanin mutane da lissafin kuɗi. Amma a fara da kusa: mai shagon layi, gidan maƙwabta. Yaron da bai kai shekara goma ba bai iya auna gudun mota ko babur sosai ba, don haka kada a aike shi inda zai tsallaka babban titi shi kaɗai. Aiken dare kuwa, a bar wa manya. Yarinya mai talla da yaro mai kiwo su ma wannan ma'auni ya hau kansu: a san inda za su, a san da wa za su, a yanke musu lokacin dawowa.

A 2019 'yan sanda sun ceto yara tara da aka sace daga Kano, aka samu mafi yawansu a Onica ta jihar Anambra. Wannan ya isa ya sa mu koya wa kowane yaro cikakken sunansa, da sunan mahaifinsa, da unguwarsu, da lambar wayar uwa ko uba, ya haddace kamar karatun allo. A koya masa kada ya bi kowa ba da izinin iyaye ba, ko da ya san mutumin. Sau da yawa mai cutar da yaro ba baƙo ba ne, wanda aka saba da shi ne. A gaya wa yaro, mace ko namiji, cewa ba wanda ya isa ya taɓa al'aurarsa, kuma in wani ya ce "kada ka faɗa wa Mama," to wannan ne abin da zai fara faɗa. In ya faɗa, a saurare shi, kada a doke shi.

A bi a hankali

Ranar farko a bar yaro minti goma sha biyar, a shiga maƙwabta a dawo. In an ga daidai, a ƙara zuwa rabin awa, sannan awa ɗaya. Kafin a fita a gaya masa inda za a je da lokacin dawowa, kuma a cika alkawari. A sanar da maƙwabciya: "Maman yara, zan je asibiti, don Allah ki riƙa leƙa min su." A rubuta lambobin waya a manne a bango. A Nijeriya lambar neman agajin gaggawa ita ce 112. A Nijar ana kiran 18 don 'yan kwana-kwana, 17 don 'yan sanda. Ga amfanin karatu da rubutun da muke koya.

Inda babu kaka ko 'yar'uwa kusa, mata uku ko huɗu na layi ɗaya za su iya yin raino kamar adashi: yau yara suna wurin wannan, gobe wurin waccan. Maigida ma ya sa hannu. In uwargida za ta awo ko za ta aji, ya zauna da yara ko ya nemo mai zama. Amanar ta su biyu ce.

Tambayoyi

1. Daga shekara nawa zuwa nawa ba a barin yaro shi kaɗai ko kaɗan?
2. Me ya sa ba a bar wa 'yar shekara bakwai rainon jariri?
3. Me za a yi idan yaro ya sha kananzir? Me ba za a yi ba?
4. Wane haɗari ne ke cikin kulle yara ta waje?

Aikin gida

Rubuta sunan maƙwabta biyu da ka amince da su, da lambar wayarsu, da lambar agajin gaggawa. Manna takardar inda yaranka za su gani, ku karanta ta tare.

Ya kai mai karatu, yau in ka koma gida, zaga ko'ina ka duba rijiya, da bokiti, da kwalbar kananzir, da ashana. Ki zaunar da babban ɗanki, ya ke uwa, ki yi masa tambayoyin gwajin nan. In zuciya ba ta kwanta da barin yaro ba, kada a bar shi: a tafi da shi, ko a nemi mai zama, ko a ɗaga tafiyar. Allah ya raya mana zuri'a, ya ba mu ikon riƙe amanarsu.