Darasi na Tara: Katunan Tunawa da 'Yan Wasan Besbol

Besbol wasa ne da ya shahara a Amurka. Mutum ɗaya yakan jefo ƙwallo, wani ya doke ta da kulki, sa'an nan ya sheƙa da gudu. Tun wajen 1886 kamfanonin taba sigari suka riƙa saka ɗan kati mai hoton ɗan wasa a cikin kwalin taba, mutane kuma suna tarawa. Amma wanda ya duba tsofaffin katunan nan, da ƙyar zai ga fuskar baƙar fata. Me ya sa?

A 1884 wani baƙar fata mai suna Moses Fleetwood Walker ya buga wa ƙungiyar Toledo wasa a babbar gasa. Bai daɗe ba aka rufe ƙofa. Masu ƙungiyoyi suka haɗa baki, suka daina ɗaukar baƙaƙe. Da abin ya ishe su, sai Rube Foster ya kafa musu tasu gasar a birnin Kansas a 1920. Gwanaye sun fito a cikinta, irin su Oscar Charleston da Josh Gibson, amma kamfanonin Amurka ba su damu da buga katunansu ba.

Sai dai idan sanyi ya shigo, 'yan wasan nan sukan tafi Kuba da Puerto Rico neman kuɗi, can inda ba a hana su wasa saboda launin fata. A Kuba ne aka buga katin Charleston wajen 1923, aka saka a kwalin taba. Shi kuwa Gibson, katinsa da aka fi sani ya fito ne a Puerto Rico wajen 1950, shekara uku bayan rasuwarsa. Bai taɓa ganinsa da idonsa ba. Waɗannan katuna kaɗan ne suka rage, shi ya sa masu tara kayan tarihi suke rububinsu a yau.

Ranar 15 ga Afrilu, 1947, Jackie Robinson ya shiga fili sanye da rigar ƙungiyar Brooklyn Dodgers mai lamba 42, ya karya shingen da aka gitta. A 2017 an yi gwanjon wata rigarsa ta wannan shekara, aka saye ta a kan fiye da dala miliyan biyu. A ganina akwai abin takaici a nan, domin da yawa daga cikin abokan wasansa na gasar baƙaƙe sun tsufa ne cikin talauci.

Daga baya an yi ƙoƙarin gyara. An buga kan sarki mai hoton Robinson a 1982, da mai hoton Foster a 2010. A 1990 aka kafa gidan adana kayan tarihin gasar baƙaƙe a birnin Kansas, kusa da ginin da Foster ya tara mutane ya kafa ta.

Tambayoyi

1. Me ya sa aka buga katin Charleston a Kuba, ba a Amurka ba?
2. Yi amfani da kowace kalma a cikin jimla: gwanjo, rububi, shinge, kan sarki.
3. Wane abin tarihi ake ajiye da shi a gidanku? Bayyana shi da jimla biyar.