Yadda Ake Raba Kuɗin Fansho Bayan Mutuwar Aure a Ingila

Shawarar da aka fi bai wa 'yan'uwanmu mata a Landan idan aure ya mutu ita ce: "Riƙe gidan, ki bar masa fanshonsa." Wannan shawara ta jefa mata da yawa cikin talaucin tsufa. Tun Disamban 2000 kotun Ingila ke da ikon yanko kaso daga fanshon ɗaya ta mallaka wa ɗayan, mace ko namiji. Ga yadda ake bi.

Na ɗaya, ki tabbatar doka ta san da aurenki. Wanda aka ɗaura bisa ƙa'ida a Kano ko Damagaram yawanci karɓaɓɓe ne. Wanda aka ɗaura a masallaci a Ingila ba rajista kuwa, kotun ɗaukaka ƙara ta yanke a 2020 cewa ba ya ba da damar neman rabon dukiya.

Na biyu, kowa ya bayyana duk fanshonsa a Fom E, har na ayyukan da ya bari tuntuni.

Na uku, kowa ya nemi takardar ƙimar fanshonsa, wato CEV. Ga mai aiki kyauta ce sau ɗaya a shekara, amma tana iya cin wata uku, don haka a nema da wuri.

Nan ne ake faɗawa rami. Idan fanshon asusun tara kuɗi ne, adadin da ke takardar shi ne kuɗin. Idan kuwa irin na ma'aikatan hukumar lafiya ta NHS ne, ko malaman makaranta, ko sojoji, wanda ke biyan albashi har mutuwa, adadin kan gaza ainihin darajarsa nesa ba kusa ba. Fam dubu ɗari na irin wannan ba daidai yake da fam dubu ɗari na gida ba.

Ku ɗauki ƙwararren mai ƙiyasin fansho, ku ce ya lissafa kason da zai daidaita abin da kowa zai riƙa karɓa a tsufa. Rahoton kan ci fam dubu biyu ko sama, ku raba kuɗin tsakaninku. Kada ki yi rowa a nan.

Na huɗu, ko kun sasanta a gaban dattawa, sai alƙali ya sa hannu. Hukumar fansho ba ta aiki da alkawarin baki. Kason kuma cikin ɗari ake rubuta shi a Fom P1, ba da adadin fam ba.

Na biyar, kada ki yi gaggawar karɓar takardar sakin ƙarshe kafin umarnin kotu na rabon fanshon ya fito. Idan mijin ya rasu a tsakani, kina iya rasa haƙƙin matar mamaci.

Na shida, ki aika wa hukumar takardun. Wata huɗu gare ta ta aiwatar, tana kuma cajin kuɗi, don haka a rubuta wanda zai biya.

Idan mijin yana da asusun fansho na RSA a Najeriya, umarnin rabon bai kai can ba. Ki sa a lissafa shi, a rama miki daga wata dukiyar.