Famfon fuka

Hunturu ya shigo Sae Sabuwa, ƙura ta tashi. Lokacin nan ne fuka take tasar wa wasu yara. Hanyoyin iska na huhu su tsuke, ƙirji ya riƙa fito.

Akwai ɗan famfo da mai fuka yake sawa aljihu. A Amurka aka fara yin sa, a 1956. Yau salbutamol aka fi zubawa ciki, mai buɗe hanyoyin iska cikin ƴan mintoci.

A girgiza shi, a fitar da numfashi, a sa a baki. A danna sau ɗaya ana jan iska sannu, a riƙe ta daƙiƙa 10. Nan yara suke kuskure: su danna, su manta jan iska, magani ya tsaya a harshe.

In numfashi bai daidaita ba, maza a kai yaro likita.

Tambaya: Me ya sa ake jan iska lokacin dannawa?