Naman kaza mai nono

Damina ta yi tsakiya. A dajin doka na arewacin Benin, kudu da Gaya, naman kaza ya tsiro cikin rairayi. Akwai wani iri mai nono. Ga alamominsa 4:

1. Yana tsirowa a gindin doka ko kawo, don yana rayuwa tare da saiwoyinsu.
2. Laimarsa tana da rami a tsakiya, kamar mazurari.
3. Ƙafarsa tana karyewa kamar alli.
4. In an yanki ƙarƙashin laimar, sai farin ruwa ya fito kamar nono.

Mutanen wurin suna miya da waɗansu. Amma ba kowane mai nono ake ci ba. Waɗansu suna sa amai da zawo.

Mu riƙe

Kada mu ɗanɗana naman kaza a daji. Mu nuna ma babba wanda ya san shi, kuma mu wanke hannu. In wani ya ci, cikinsa ya murɗa, a kai shi likita maza.

Tambayoyi

1. Ina naman kaza mai nono yake tsirowa?
2. Don mi ba mu ɗanɗana shi?